Yadda ake shigar da mai fasaha baƙo ko ɗan ƙaramar ƙabila harkar fasaha ta ƙasa daga Sakkwato

Wannan bayani na wanda yake son kama hannun wani mai fasaha ne a Sakkwato, wanda ya zo daga ƙetaren iyaka ko kuma ƙabilarsa ba ta da yawa a jihar, har aikinsa ya kai inda ake baje kolin fasahar Nijeriya da sunansa a kai, kuɗin kuma su shiga hannunsa. Irin waɗannan mutane suna nan da yawa: maƙeran azurfa Abzinawa da matansu masu dukanci, Zabarmawa masu kiɗan molo, matan Fulanin daji masu zanen ƙwarya da ɗinkin ado, mutanen ƙasar Zuru mazauna gari da raye-rayensu na bikin Uhola. Gwaninta kam suna da ita. Abin da ke tare su takarda ne, da asusun banki, da rashin sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Shi ya sa kayansu kan isa Abuja a hannun dillali, su kuwa ba wanda ya san da su, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don kada kai ma ka zama wani gardin.

Kayan da za ka tanada

Waya mai kyamara mai kyau, da memori wanda ba komai a cikinsa, da fawa bank. Farin yadi kamu huɗu da baƙi kamu huɗu don shimfiɗar hoto. Tef ɗin awo irin na tela. Ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu sayar da zinariya, in akwai aikin azurfa. Fayil na roba guda ɗaya ga kowane mai fasaha. Littafin lissafi mai kauri, da littafin rasit mai kwafi, da tawadar dangwale. Sai tafinta, in mutumin bai ƙware da Hausa ba. Yawancin Abzinawa da Zabarmawan Sakkwato suna jin Hausa sarai, amma Hausar ciniki daban, Hausar yarjejeniya daban, kuma bai kamata wanda zai ci riba a cinikin ya zama shi ne tafinta ba.

In za ka yi hulɗa da mata, ka nemi mace ta shiga tawagarka tun farko. A gidajen maƙeran Abzinawa aikin fata na mata ne, kuma kiɗan tende da gogen imzad, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2013, su ma mata ke yin su. Namiji shi kaɗai a zaure zai ƙare, ya dawo da sunan maigida a kan aikin uwargida.

Mataki na 1: Shiga ta hannun manya

Kusan kowace al'umma mazauniyar Sakkwato tana da shugabanta: sarkin Zabarmawa, arɗon Fulani, dattijon Abzinawa, shugaban ƙungiyar 'yan Zuru. Ka fara gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka a gaban shaidu. Amma kada ka bar masa zaɓen wanda za a tallafa wa shi kaɗai, don ɗan'uwa zai ba ka. Ka zaga da kanka inda ake aikin, ka ga hannun kowa.

Idan ka zauna da mai fasahar, tambayarka ta farko ita ce: "Baba, me kake so aikin nan ya kawo maka?" Wani kasuwa yake nema, wani filin wasa, wani kuwa so yake a ɗauki waƙoƙinsa kafin ya tsufa. Ka kuma tambaye shi sunan da yake so a rubuta wa al'ummarsa a kan takarda. Akwai wanda ba ya son a ce masa Buzu, akwai ɗan Zuru da ya fi son Lelna a kan Dakarkari. Abin da ya zaɓa shi za ka rubuta ko'ina.

Mataki na 2: Takardun shaida

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Ka fara gane rukunin da mutumin yake.

Na farko, ɗan Nijeriya ne daga ƙaramar ƙabila ko daga wata jiha. Wannan lambar NIN yake buƙata daga hukumar NIMC, sai lambar BVN ta banki. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa, amma a aikace fom da yawa na neman takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ya karɓo ta daga ƙaramar hukumarsa ta asali, ya haɗa da wasiƙar mai unguwa ko hakimi da ke nuna shekarunsa nawa a Sakkwato.

Na biyu, ɗan Nijar ne ko ɗan Mali mazaunin nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa su zauna kwana 90 ba biza, wanda zai wuce haka kuwa sai da katin zama daga hukumar shige da fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, kodayake ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su zirga-zirga har sai an ba da wata sanarwa. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara. Ku je ofishin hukumar shige da fice na Sakkwato tare, da fasfo ko katin ɗan ƙasa na can, ku ji abin da ake nema a ranar. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya samun NIN a matsayinsa na baƙo, daga nan ya buɗe asusu.

Na uku, ɗan gudun hijira ne. Wannan ta hannun hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, NCFRMI, ake bi, ita ke yi masa rajista.

Gargaɗi babba: za a samu wanda zai ce maka a sama wa baƙo takardar ɗan asalin Illela ko Gada, tunda ai Hausa ɗaya ce, dangi ma ɗaya ne da mutanen Ƙonni ta Nijar. Kada ka yarda. Laifi ne a doka, kuma ranar da asiri ya tonu, misali aka gayyace shi ƙasar waje aka zo binciken fasfo, shi ne zai kwana a ciki, sunansa kuma ya ɓaci a wurin duk hukumar da ta taɓa ba shi rumfa.

Sai batun rubutun suna, wanda yake kamar ƙarami amma shi ke riƙe kuɗin mutane watanni. Katin Nijar da rubutun Faransanci yake zuwa: Ousmane, Mahamadou, Aïchatou. Ma'aikacin banki a nan ya ji da kunne ya rubuta Usman, Muhammadu, A'ishatu. Hukumar da za ta biya alawus ta ga sunan fom bai yi daidai da na asusu ba, sai kuɗin su maƙale. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan takardar da ta fi ƙarfi, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a bangon fayil, a kwafe shi harafi bayan harafi a kowane fom. Haka ma ranar haihuwa. In an riga an yi saɓani, takardar rantsuwa ta kotu ce ke gyarawa.

Asusun ya zama da sunan mai fasahar, da layin wayarsa, don saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa masa. In takardu ba su kammala ba ga kuma ciniki ya taso, a yi amfani da asusun ƙungiya mai masu sa hannu biyu. Naka asusun bai shiga lissafi ba, komai amanarka.

Mataki na 3: Kundin aiki

Ba wata hukuma ko mai gidan baje koli da zai zo Sakkwato ya duba maƙera. Abin da ka aika shi za su gani.

In kayan hannu ne, ka zaɓi guda 10 zuwa 15 mafiya kyau. Ka shimfiɗa yadi a inuwa da hantsi, kafin rana ta take. Azurfa a kan baƙin yadi, jar fata da ƙwarya a kan fari. Kada ka kunna fitilar kyamara, tana wanke zanen azurfa har ba a ganin sa. Kowane abu hoto uku: gaba, baya, da na kusa wanda zai nuna ɗinki ko zane. A ɗaya daga ciki ka ajiye tef ɗin awo a gefe don a san girmansa. Ka ƙara hoto biyu na mai aikin yana cikin aiki, da izininsa. In mace ce ba ta son fuskarta ta fito, hannuwanta a kan aikin sun wadatar. In kura ta yi yawa lokacin hunturu, ka shiga ɗaki ka yi kusa da ƙofa.

In kiɗa ne ko waƙa, bidiyo biyu na minti uku-uku sun isa. Ka nemi ɗaki mai tabarmi ko darduma, don siminti tsirara yana mayar da amo. A kashe fanka da janareta, ka rufe layin wayar don kada kira ya katse ɗauka. Molo da goge muryarsu siririya ce, su za su fi kusa da waya, kamar kamu biyu. Mai ganga ya ja baya zuwa ƙarshen ɗaki, in ba haka ba ganga kaɗai za a ji. Ka ɗauki gwaji na rabin minti ka saurara kafin a fara na gaske. Ka riƙe wayar a kwance.

Sai tarihin mai fasahar, kada ya wuce kalma 150, da Hausa da Turanci: sunansa, inda aka haife shi, wurin wanda ya koya, kayan da yake aiki da su, shekarunsa a sana'ar. Ka karanta masa ya amince. Ka guji cika shi da labarin talauci da fari da gudun hijira. Mai neman tausayi sadaka ake ba shi sau ɗaya, mai nuna gwaninta shi ake sake kira.

Mataki na 4: Tace kaya da sa farashi

Fatar jar akuyar Sakkwato sananniya ce har ƙasashen waje, amma abu biyu ke sa a mayar da kayan fata: wari da zubar rini. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a jikin jakar. In ja ya fito, rinin karan dafin bai kama ba, zai ɓata wa mai saye riga. Ka sa jakar a leda ka ɗaure kwana biyu, ka buɗe ka sansana. In ta yi ɗoyi, ko jimar bagaruwar ba ta nuna ba ko man da aka shafa ya yi yawa, kuma a garuruwa masu laima kamar Legas fumfuna za ta yi. Irin wannan a bar ta a kasuwar gida.

Azurfa kuwa, a auna kowace a rubuta giram ɗinta. Alamar 925 tana nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce tsantsa. Maƙerin ya san abin da ya narka. In tsofaffin kuɗi ne ko gauraye da farin ƙarfe, a rubuta haka, a sayar da farashinsa. Mai sayen kuros ɗin Agadas, wato abin wuyan azurfa na Abzinawa, a Abuja yakan kai shi a gwada.

A cire duk abin da aka yi da fatar mesa, kada, guza ko hauren giwa. Dokar kare namun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji sun shafe su, za a iya ƙwace kayan gaba ɗaya saboda jaka guda. Tsofaffin kayan gado kuma, kamar takobin kaka ko tsohon sirdi, ba a fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke da gidan tarihi a nan Sakkwato.

Wajen farashi, yawancin masu sana'a kuɗin kaya kawai suke lissafawa su ɗora ɗan abu, su manta da kwanakinsu. Ga misalin lissafi, ka sauya lambobin da na kasuwar ranar: fata ₦6,000, rini da zare da zif ₦2,000, aikin kwana uku a ₦4,000 kullum ₦12,000, rabon kuɗin mota da rumfa ₦3,000. An tashi ₦23,000 ke nan kafin riba. A ɗora ₦5,000, a rubuta ₦30,000 don a bar wurin ragi. Ƙasa da ₦28,000 ba a sallamawa.

Ka kula da bakin kuɗi in kana magana da mutumin Nijar. A can dala sefa 5 ce, saboda haka "ɗari" sefa 500 ce, jika kuma sefa 1,000, alhali jaka a nan ₦200 ce. Duk farashi a rubuta shi da lamba, a faɗi naira ce ko sefa.

Ladanka, in kana karɓa, a faɗe shi a fili tun farko, a rubuta. Tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba zalunci. Abin da ya wuce haka ya zama dillanci.

Mataki na 5: Ƙungiya

Hukuma ta fi sauraren ƙungiya a kan mutum ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a sashen gama-kai na jiha da mutum 10 zuwa sama, da tsarin mulki, da rahoton taron kafawa. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta fi tsada da tsawo, sai in za a nemi tallafin manyan ƙungiyoyi ko fitar da kaya waje ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya. Ku haɗa 'yan ƙasa da baƙi a ƙungiya ɗaya, don akwai shirye-shiryen gwamnati, musamman na rance, da 'yan ƙasa kaɗai ke shiga. Sai dai shugaba ko ma'aji ya fito daga cikin masu fasahar kansu. In duk muƙaman suna hannun masu boko, ƙungiyar ta masu boko ce.

Mataki na 6: Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Hukumar fasaha da al'adu ta ƙasa, NCAC, wadda aka kafa a 1975, ita ke shirya NAFEST, bikin fasaha da al'adu na ƙasa. An fara bikin a 1970 bayan yaƙin basasa don haɗa kan ƙasa, kuma jihohi ke karɓar baƙuncinsa bi da bi: Kaduna a 2017, Jos a 2020, Legas a 2022. Yawanci Oktoba ko Nuwamba ake yi. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, ba a neman shiga NAFEST kai tsaye. Jiha ce ke kai tawagarta, saboda haka ƙofar tana ma'aikatar al'adu ta Jihar Sakkwato, ba Abuja ba. Ka kai wasiƙa da kundin aiki tun watan Yuni ko Yuli, kafin a tsayar da tawaga. Wasiƙar shafi ɗaya, kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Bayan mako biyu ka koma, tare da mai fasahar da samfurin aikinsa a hannu. Jami'in da ya taɓa jakar da hannunsa ya fi tuna ta.

In an ce maka ai tawagar ta al'adun Sakkwato ce, kada ka yi musu. Ka nuna cewa Zabarmawa da Abzinawa da Fulanin daji sun daɗe cikin tarihin daular nan, kuma jihar da ta zo da abin da sauran ba su da shi ita ke jan ido. In gasa ta 'yan ƙasa ce kaɗai, ka nema wa baƙo gurbi a ɓangaren kasuwar bikin.

Hukumar NCAC tana kuma shirya baje kolin sana'o'in hannu na ƙasa da ƙasa, INAC, a Abuja, inda ƙasashen waje ma ke kafa rumfa. Wannan ya fi dacewa da maƙeri da baduku. Haka kasuwar baje koli ta duniya ta Kaduna, inda kuɗin rumfa kawai ake biya, kuma mutum huɗu na iya haɗa kuɗi su kama ɗaya.

In duk waɗannan ba su samu bana ba, ka fara da na kusa: shirin al'adu a Rima Radiyo, makon al'adu na ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ko bikin kamun kifi na Argungu in an yi shi. Duk inda aka je a karɓo takardar shaidar halarta a sa a fayil. Ita ce hujjarka baɗi.

Mataki na 7: Yarjejeniya da haƙƙin mallaka

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare ɗan ƙasa da mazaunin ƙasa. Haƙƙi yana tabbata ba tare da rajista ba, amma da sharaɗin aikin ya kasance an rubuta shi ko an ɗauke shi. Waƙar da ke cikin kan mawaƙi kaɗai ba ta da wannan kariya, shi ya sa ɗaukar da ka yi a mataki na 3 take da amfani biyu. Ka adana ta da kwanan wata, in da hali a shigar da ita rajistar hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ta intanet. Haƙƙin waƙa da zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, magada ne ke cin sa.

Inda ake cutar mawaƙa shi ne situdiyo. Wanda ya shirya ɗauka ya biya kuɗi yana iya zama mai faifan in ba a rubuta akasin haka ba. Kafin a kunna na'ura a rubuta wane ne mai faifan, da sunan wa za a ɗora shi a YouTube ko Audiomack, da yadda za a raba abin da ya shigo. Sallama haƙƙi baki ɗaya ba ta inganta sai a rubuce, don haka kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Kiɗa da zanen da na al'umma ne baki ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, doka ta sa kula da su a hannun hukumar haƙƙin mallaka, kuma ba wanda zai sayar da su a matsayin nasa.

Takardar gayyatar wasa ta ƙunshi rana, wuri, tsawon wasa, kuɗi da lamba, wanda zai biya mota da masauki da abinci, da ko an yarda a ɗauki bidiyo. A nemi rabin kuɗi kafin tashi. A karanta da harshen mai fasahar a gaban shaidu biyu, ɗaya daga danginsa, kowa ya riƙe kwafi.

Mataki na 8: Tafiya da bayan dawowa

Daga Sakkwato zuwa Abuja tafiyar yini ce, kuma da rana ake yin ta. Kowa ya riƙe takardunsa na asali a jikinsa, kwafi a wurinka, da wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunan kowa, don mai rawanin Abzinawa shi ake fara saukewa a shingen hanya. In akwai takubba da wuƙaƙen ado a cikin kaya, a jera su a wasiƙar da adadinsu, a ɗaure su a akwati ɗaya a but. Kayan fata a naɗe su da takarda, ba leda ba. Fatar ganga kan saki a wuri mai laima, a tafi da ta canji.

A rumfa, kowane abu da katinsa: sunan mai yi, garinsa, kayan da aka yi da su, farashi. Lambar wayar da ke kan katin tasa ce. In 'yan jarida suka zo, shi zai yi magana, kai ka fassara.

Cikin kwana uku da dawowa a zauna a buɗe littafi gaban kowa: abin da aka tafi da shi, abin da aka sayar, abin da aka kashe, rabon kowa, da rasit. A rubuta abin da masu saye suka tambaya ba a samu ba, wannan shi ne odar zagaye na gaba. A zaɓi matashi ɗaya ko budurwa daga cikin al'ummar mai iya karatu, a damƙa masa fayil da lambobin jami'ai, wasiƙar baɗi shi zai rubuta ya kai, kai ka duba masa kawai kafin a buga.